Baba a Can Sama

Litinin, 6 ga Oktoba

A gafarce ni. Ban san wa nake roƙo ba tunda ba mai karantawa sai ni, amma ji nake na yi karambani. Littafin lissafi ne wannan, na juyo shi ta baya ina rubuta abin da ba lissafi ba. Ni ba marubuciya ba ce. Abin ne ya cika min ciki, bakina kuma ba ya aiki a gaban mutane.

Abu biyu suka faru. Na farko, takardar lafiyar Baba ta wurin aiki za ta ƙare, likita ya ce ba zai sabunta ba saboda hawan jini. Shekara goma sha tara ke nan Baba yana tuƙa injin ɗaga kaya, yana zaune a wani ɗan ɗakin gilashi can ƙololuwa yana miƙa wa magina ƙarfe da siminti. Asabar ɗaya ga Nuwamba ce hawansa na ƙarshe. Daga nan sai aikin ƙasa. Kaka kuwa ce mata ya yi ƙarin girma ya samu. Ni da Yaya ta bayan labule muka ji gaskiyar, yana faɗa wa Mama.

Na biyu, Gwaggo ta bugo waya kan sakamakon jarrabawata. "Zaɓi abu ɗaya, 'yata, ɗaya tak, ni zan saya." Na ce kyamara. Ta ce mene? Sai da na maimaita sau uku kafin ta ji.

Laraba, 8 ga Oktoba

Kaka ba ta taɓa ganin Baba a sama ba. Shekara uku rabonta da fita saboda gwiwa, kuma ko da can ba a barin kowa ya wuce shingen wurin aikin. Kullum in ya dawo sai ta ce, "Sannu da zuwa, direba marar hanya." Wai ita dai labari take ji, ta yiwu ma a gindin bishiya yake yini.

Ina so ta gani da idonta, a talabijin ɗinmu, kafin ya sauko.

Mun gwada da wayar Yaya daga gadar masu ƙafa. Injin ya fito kamar allura, Baba ko ɗigo bai kai ba. Yaya ta ce, "To Farfesa, sai ki zana shi da biro." Ban yi dariya ba.

Kwana ashirin da huɗu.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na je shagon da Gwaggo ta yi magana da su. Mai shagon mace ce, ƙatuwa, tabarau a goshi, murya kamar tana kiran wani a tsallaken titi. Guda uku ta jera min a kan gilashi, duk ƙanana masu shiga aljihu, duk suna ɗaukar bidiyo. Mai ruwan azurfa tana kusanto da abu sau goma sha biyu. Baƙa sau talatin. Ja sau sittin, an rubuta da manyan lambobi a kwalin.

"Ɗauki ki gwada mana, ba sa cizo."

Akwai wasu maza biyu a bayana suna jiran batir. Hannuna ya ƙi fitowa daga cikin mayafi. Na kwafi lambobin a takarda, na ce zan dawo. Ina jin ta tana ce musu, "Wannan bincike ta zo yi."

Lahadi, 12 ga Oktoba

Na yi jadawali. Zum, wato yawan kusantowa, nauyi, daɗewar batir, girman katin ajiya. Na ja layi da rula. Na ba kowace maki. Ja ta ci. Na sake lissafi, ta sake ci. To me ya sa na kasa zama? Na goge takalman makaranta har sau biyu.

Talata, 14 ga Oktoba

Na karɓo ja. Da yatsa na nuna. Mai shagon ta sauke tabarau ta kalle ni, ta ce, "Me za ki ɗauka da ita?" Na ce hotuna. Ta buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai wayarta ta yi ƙara, ni kuma na samu hanya. Abin da na tsinta a bakin ƙofa shi ne, in ba ta yi min ba, in dawo da ita cikin kwana bakwai, da kwalinta.

Tana da kyau, wallahi. Na sa ta a kan littattafaina ina ta kallo.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na yi wauta.

Bayan an tashi makaranta na hau gada. Har kusantowa sau takwas hoton tas yake. Daga nan ya fara narkewa, kafin in kai sittin ɗakin Baba ya zama kamar an zuba ruwa a kan fenti, ga shi yana tsalle sama da ƙasa kamar ina kan babur. Na dawo na duba kwalin. A ƙasan sittin ɗin akwai wani rubutu mitsitsi da ban kwafa ba, don babu gurbinsa a jadawalina.

Ni da na ci lissafi. Ban faɗa wa kowa ba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na je har ƙofar shagon da kwalin a jaka. Na wuce. Na dawo, na sake wucewa. Mai gyaran takalmi na gefen ya ce, "'Yammata, wani abu kika yar?" Na tafi gida.

Litinin, 20 ga Oktoba

Gobe kwana bakwai. Yau Baba ya tashi daga kujera ya dafa bango, ya yi kamar kalanda yake dubawa. Ba zan iya rubuta komai ba.

Talata, 21 ga Oktoba

Na shiga! Na rubuta abin da zan faɗa a tafin hannu, gumi ya goge shi, sai kawai na ajiye kwalin na ce, "Anti, babana yana can sama, wannan ba ta kai wa." Ban san ta yaya sauran ya fito ba. Injin, likita, Kaka, gada, duk na zuba mata, da mutane a shagon.

Ta ce, "Ke! Da kin faɗi haka tun ranar, da kin hutar da ƙafarki." Ta ɗauko baƙar ta kunna, hancin kyamarar ya yi ta fitowa. "Kin ga wannan? Gilashin da kansa ke tafiya wajen abin. Jar nan kuwa takwas ce tata ta gaskiya, sauran jan hoton kawai take kamar roba." Ta ce baƙar tana da abin rage rawar hannu, amma ba ta da na rage tsoro, wannan ni zan nema.

Ta bar shagon a hannun mai gyaran takalmi ta fito da ni titi. Ta nuna min wani allon talla can ƙarshen layi. Gwiwar hannu a kan katanga. Kyamara kusa da jiki, ba a miƙe ba. A nemo abu tun yana ƙarami, sannan a jawo shi a hankali. A saki numfashi kafin a danna. Na karanto mata lambar wayar da ke ƙasan allon, ta doki bayana har na kusa faɗuwa.

Baƙar ba ta da kyau. Ta fi nauyi, ga batirinta ba ya daɗewa in ana bidiyo. Ita na ɗauko.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Kullum gada. Na samu wurin da ƙarfen gefen yake daidai gwiwar hannuna. In babbar mota ta wuce ta ƙasa gadar na girgiza, sai na jira.

Yau na ga fuskarsa. Yana da ɗan tsumma shuɗi rataye a gefen kujera. Ban san yana sa tabarau a wurin aiki ba. Na ji kunya kamar na leƙa ɗakin wani.

Laraba, 29 ga Oktoba

In aka yi hadari fa? In batir ya mutu? In ya kalli gada ya gan ni?

Asabar, 1 ga Nuwamba

Minti ashirin da shida na ɗauka. Ya ɗaga damin ƙarfe uku, ya sauke kowanne kamar ƙwai. Ƙarfe ɗaya na rana saura kaɗan ya kashe injin. Bai tashi ba. Ya ɗauki tsumman nan ya goge gilashin gabansa, lungu-lungu, alhali tas yake. Ya ninke ya sa a aljihu.

Sai tsani. Dogo ne ƙwarai, cikin wani keji na ƙarfe. Wajen rabi ya tsaya. Ya rungume matakala, ya jingina goshinsa. Bai motsa ba. Na duba daga baya, daƙiƙa arba'in ne, amma a gadar nan na tsufa. Na ƙasa ba su lura ba, ni kaɗai a duniya nake ganinsa. Sai ya ci gaba, ɗaya-ɗaya, har ƙasa.

Kyamarar tana iya yanke bidiyo. Na kai yatsa wurin sau biyar. In na bari, Kaka za ta gane ba ƙarin girma ba ne, na tona Baba. In na yanke, ban san me na je yi gada ba. Ban ma iya kallonsa da sauti ba, a kashe na bar shi.

Lahadi, 2 ga Nuwamba

Ban yanke ba. Na ce a raina zan tsayar da shi daidai wurin tsumma.

Yaya ta haɗa kyamarar da talabijin bayan azahar. Aka jawo wa Kaka kujera. Baba bai san komai ba, ya shigo da kofin shayi, ya tsaya a tsakiyar ɗaki. Kaka ta gyara tabarau. "Kai! Wannan ɗana ne? A kan wannan tsinken?" Tana ta salati tana dariya.

Abin da ban sani ba, kyamara hoto take jawowa daga nesa, sauti kuwa na kusa take ɗauka. Babu ƙarar inji ko kaɗan. Motoci ne kawai, da wata yarinya da ba ta rufe baki. "Yauwa Baba. Hagu kaɗan. Kai, Baba ya iya!" Kaka ta ce, "Wace ce wannan mai surutun?" Yaya ta faɗi a kan kujera tana nuna ni. Na rufe fuska da hannu biyu, shi ya sa wurin tsumma ya wuce ban danna komai ba.

Da ya tsaya a tsani ɗakin ya yi tsit. Muryar nan ce kawai. "Riƙe, Baba. Kada ka kalli ƙasa. Ina nan. Ina nan." Sannan ta ci gaba da ƙirga masa matakala, ƙirgar da ta faro tun daga sama, har ta ƙarshe.

Kaka ba ta juyo ba. Ta ce, "Ƙarin girma." Baba ya ce, "Inna..." Ta ce, "Yi min shiru. Wata biyu kana karanta kalanda a bango, ka ɗauka makauniya ce ni? Ka sauko da ƙafarka, shi ne girman. Zo ka zauna nan."

Ya zauna a ƙasa kusa da gwiwarta. Shayin ya huce a hannunsa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Matakala saba'in da biyu ce. Kin tsallake ɗaya." Na ce ban tsallake ba, a mayar a gani. Aka mayar. Ni ce da gaskiya.

Talata, 4 ga Nuwamba

Yaya tana so ta cire muryar ta sa kiɗa kafin a tura wa Gwaggo. Na ce a'a. Ta ce me kika ce? Na ce kin ji ni. Mama ta leƙo daga kicin don ta ga da wa Yaya ke faɗa.

Ba wani abu ba ne, kiɗan ne bai dace ba.

Na biya ta shagon don in nuna wa Anti, minti biyar na yi niyya, sai da na kai awa. Ta ce ranar Asabar in zo in bayyana wa wani tsoho bambancin zum ɗin nan biyu, wai ita ta gaji da shi. Ban ce to ba. Ban dai ce a'a ba.

Saura shafi huɗu rubutun nan ya haɗu da lissafi a tsakiya. Abin da ya kawo ni ya ƙare, ya kamata in tsaya. Amma in ba damuwa, a bar min ko shafi ɗaya, saboda Asabar.