Ranar da Aka Kawo Sikeli Wurin Aikinmu

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayarta, ina fatan wannan takarda za ta iske ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, ya sa kaffara ce. Mu nan sai godiya. Baban yara yana nan yana fama da tuƙinsa, Babba ta gama jarrabawa muna jiran sakamako, Auta kuwa haƙoransa na gaba sun zube, yana yawo yana nuna wa kowa giɓin kamar wanda aka ba lambar yabo.

Ƙunshin da kika aiko ya iso, na gode, Allah ya bar zumunci. Shayin rage ƙibar nan na gwada shi, ya mayar da ni mai gadin banɗaki, na ajiye shi saman kabad. Na kuma karanta abin da kika rubuta, cewa Gwaggo ta gaya miki na yi rigima a wurin aiki, cewa ƙiba jinin gidanmu ce, haka Inna ta yi, haka ke, haka ni, don haka in kama bakina, in aikin ya gagara in tattara in taho wurinki. Yaya, na san ƙauna ce ta sa ki faɗi haka, amma ba zan taho ba, kuma ba zan kama bakina ba. Bari in ba ki labarin daga tushe, tunda Gwaggo rabinsa ta ji, rabin ma ta ƙara masa gishiri.

Kin san kamfanin ɗinkin kayan ma'aikata da nake yi wa aiki tun kafin in haifi Auta. Tun safe mutum yana kan kujera gaban keke har yamma, ƙafa ɗaya kawai ke motsi. A da hutun rana awa guda ne, muna fita filin bayan kamfani mu miƙe ƙafa, mu ci abin da muka dafo daga gida. Da sabon manaja ya zo ya raba hutun biyu ya riƙe rabi, ya sa kwaɗo a ƙofar filin wai ta nan ake satar yadi. Famfon ruwan sha ya lalace ba a gyara ba, sai ga injin sayar da lemon kwalba da biskit an girke a bakin ƙofa yana walƙiya. To me za ki ci cikin wannan ɗan lokaci, ga layin ɗumama abinci har waje? Burodi da lemo, a kan keke, kina taunawa kina cire zare. Haka muka yi ta kumbura a kan kujerun nan, ni da sauran matan, muna tsokanar juna wai kujerun ne suke tsukewa.

Watannin baya aka kawo ma'aikatan lafiya su duba mu. Aka ajiye sikeli a tsakiyar ɗakin cin abinci, ko labule babu. Ki hau, akawun manaja ya ɗaga murya ya faɗi nauyinki, mazan sito suna tsaye bakin taga suna ƙunshe dariya. Uwar Biyu, wadda kekenta ke kusa da nawa, da ta sauko sai ta rufe fuska da gyale ta yi ta kuka. Bayan nan likitar da ta jagorance su, wata mai sanyin magana, ta haska mana hoto a bango: layi ne yana hawa kamar tsani. Ta ce daga ƙuruciyarmu zuwa yau yawan manya masu ƙiba a duniya ya ninka har ya wuce, kuma masana suna hasashen in aka ci gaba a haka, nan da shekara ashirin da biyar fiye da rabin manya nauyinsu zai wuce kima. Ta ƙara da cewa layin ba ƙaddara ba ne, inda hanya za ta kai mutane ne in babu wanda ya juya. Ita ma na ga ranta bai so yadda aka yi awon ba.

Manaja rabin farko kawai ya ji. Mako na zagayowa ya tara mu ya ce duk wadda nauyinta ya wuce iyakar da aka sa, in ba ta rage ba kafin ƙarshen shekara ba za a sabunta mata aiki ba, don kamfani ba zai ɗauki nauyin majinyatan gobe ba. Yaya, ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce masa ban musa ina da ƙiba ba, gwiwoyina sun riga akawunsa gaya mini, kuma likita ta ce ciwon suga yana bakin ƙofata. Na ce ni na yi jinyar mahaifiyata da wannan ciwon, ni na wanke mikin ƙafarta har ranar da aka yanke ƙafar, don haka babu wanda zai tsorata ni da hoto a bango, na ga ƙarshen hanyar da idona. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Na tambaye shi wa ya rage hutu, wa ya kulle fili, wa ya bar famfo a bushe ya kawo injin lemo. Na ce ba zai ɗaure akuya a turke ya zuba mata dusa ba, sannan ya zo yana zaginta don ta yi kitse. Ya ce in zauna, na ce zaman ne ya kawo mu nan. A nan matan suka kwashe da shewa, shi kuma ya tattara takardunsa ya fita.

Washegari da ƙararrawar hutu ta kaɗa, na ce wa Uwar Biyu ta tashi. Muka fita ta babbar ƙofa, tunda wannan ba su da ikon kulle ta, muka zagaya ginin kamfanin a ƙafa, muka dawo muna haki kamar waɗanda kare ya koro. Mai gadi ya tambaye mu ko lafiya, na ce ita muke nema. Rana ta biyu mata kaɗan suka biyo mu. Kafin wata ya ƙare kusan duk ɗakin ɗinki ke fita, kowa da gorar ruwanta daga gida, har da Gajeriya mai yankan yadi wadda iska ma za ta iya ɗauka, ta ce ita don haushi take bin mu. Zagayen ba ya ƙarewa cikin rabin awa, mu kuma ba ma gudu. Kekuna suna zaune shiru har mu dawo. Masu shaguna a titin suka fara fitowa kallo, wani mai gyaran taya kullum sai ya tafa mana.

An kira ni ofis, an ba ni takardar gargaɗi, aka kuma cire ni daga keke aka kai ni sashen guga, wurin zafi da tururi, wai horo. Ban ɓoye miki ba, makon farko ƙafafuna sun kumbura, na yi kuka a banɗaki inda ba mai ganina. Baban yara ya ce in yi tunanin makarantar Babba kafin in ƙara buɗe baki, kuma gaskiyarsa ce, ban yi barcin kirki ba a kwanakin. Amma ban fasa fita ba, matan ma ba su fasa ba, kuma ba a korar ɗaki sukutum ga odar kaya tana jira. Daga ƙarshe mai kamfanin da kansa ya zo. An janye maganar iyakar nauyi, an cire kwaɗon fili, an gyara famfo. Hutun bai koma awa ba, sun ƙara mana minti goma sha biyar ne kawai, injin lemo ma yana nan, ni kuma har yau ina guga. Ban ce mun gama ba.

Kada ki zaci na rame. In kika gan ni yau za ki gane ni daga nesa. Amma ina hawa benen gidanmu ban tsaya a tsakiya ba, kuma da na koma asibiti an ce sugan ya ja da baya. Jinin gidanmu ne, na yarda, amma Inna ba ta samu wanda ya gaya mata da wuri ba, mu mun samu. Ke ma ki je a duba ki, Yaya, kada ki ce sai kin ji ciwo. Ki yi fushi da ni in kin so, na fi son fushinki da zaman jinyarki. In kuma hannunki yana ƙaiƙayin aiko mini da wani abu, takalmi nake so mai taushin ƙasa, lamba arba'in da ɗaya. Nawa ya huje, har ina jin tsakuwa.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da takwarar Inna, da Ɗan Lele, da surukarki Hajiya, Allah ya ƙara mata lafiya. Baban yara yana gaisuwa, Babba da Auta suna gaishe da Ummansu ta nesa, Uwar Biyu ma ta ce in miƙa tata ko da ba ku taɓa haɗuwa ba. Allah ya sada mu da alheri, kowa a kan ƙafafunsa.

Taki har kullum,
ƙanwarki Tsinke, ko da yake sunan ya daɗe da yi mini kaɗan.