Ranar da Baba Hamza Ya Manta Hausa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna?

An fitar da mu daga gidan da muke haya a unguwar Sultana, a nan ƙasar Larabawa. Ashe mai gidan, Baba Hamza, da kullum yake ce mana "'ya'yana" da Hausar kakanninsa, ba shi da lasisin tara 'yan haya. Da ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, suka zo, tulin takalmanmu a bakin ƙofa ya tona shi. Na ce, "Baba, yi musu bayani mana." Wallahi Yaya, sai ya ce da Larabci wai ba ya jin yarena. Tir!

Jiya Hausarsa ta dawo, ya kira wai mu zo mu kwashe takalmanmu.

A sa mu a addu'a mu samu matsuguni. Gai da Inna.

Ƙaninka,
Bashir