An Rubuta Na Sha, Alhali Ban Sha Ba

Zuwa ga Hajiya Shugabar Sashen Awon Ciki,
Ƙaramin asibitin da muke zuwa awo a Tarauni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa, ya aiki, ya haƙuri da mu? Sunana Hauwa'u, ɗinki nake yi a Gyaɗi-Gyaɗi. Ina da cikin wata shida, na fari, bayan shekara huɗu ina jira. Sau biyu ina tsayawa ƙofar ofishinki ana ce mini kina taro, shi ya sa na rubuto a fili. Talata mai zuwa ranar awona ce, kuma wallahi ban san yadda zan yi ba.

Na farko. Ina amarya na yi tari, aka sayo mini saftirin a kemis. Kwana uku da fara sha leɓuna suka kumbura, bakina ya yi gyambo, fatar hannuna ta riƙa saluɓewa kamar an zuba mini tafasasshen ruwa. Sati biyu na yi a babban asibiti, ko kunu da cokali ake ɗura mini. Likitan da ya sallame ni ya ce jikina ba ya karɓar salfa, wani sinadari da ke cikin maganin, kada in sake shan saftirin ko fansida har abada, domin karo na biyu ya kan fi na farko muni. Da jan biro ya rubuta a katina. Katin yana can wajensu, ni tabon kawai na taho da shi.

Na biyu. Ranar da na fara awo a wajenku, mai yanka kati ta tambaye ni sunan miji, da hawan jini, da ciwon suga. Ba ta tambayi magani ba. Da na faɗa mata, ta ce in gaya wa Sista a ciki. A ciki kuwa kin san yadda ake yi: mu jeru a benci, Sista ta bi mu ɗaya bayan ɗaya da ƙwaya uku da ledar ruwa, kowa ta haɗiye a gabanta, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Na tambayi sunansa, ta ce fansida. Na fara bayani, ba ta bari na kai ƙarshe ba. Ta ce duk haka muke cewa, wata amai, wata jiri, wata ta ji a gari wai na hana haihuwa ne, sai zazzaɓi ya kayar da mu mu zo muna kuka. Matan layi suka kwashe da dariya.

Na uku, nan kam laifina ne. Sistar nan sa'ar mahaifiyata ce, ba zan iya musu da ita a bainar jama'a ba. Na kai hannu ƙarƙashin hijabi kamar na watsa su a baki, na kurɓi ruwa, ƙwayoyin suna damƙe a tafina. Ta ce yauwa, ko ke fa! Ta yi alama a kati cewa na sha. Na fito ina murna, wai ni mai dabara.

Na huɗu. A awon watan jiya na samu wata Sista matashiya mai sauraro, har na naɗe hannun riga na nuna mata tabon. Ta buɗe katina, ta ce ai ga shi na sha wancan karon kuma ba abin da ya same ni, in kwantar da hankalina. Ranki ya daɗe, ya zan yi? In ce mata ƙarya na yi? Sai na ce zuciyata na tashi. Ta ƙyale ni, amma ta ce ranar Talata babu fashi. Katin da ya kamata ya kare ni, yanzu shi ne shaida a kaina, kuma ni na jawo.

Na biyar. Tun daga ranar kaina ya kulle. Mai kemis ɗin layinmu ya ce fansida daban, saftirin daban, ko sunan ma bai zo ɗaya ba. Maƙwabciyata Madam Rahila, malamar makaranta, ta sa tabarau ta karanta kwalin fansida a kemis ɗin, ta ce akwai salfa a ciki, kada in kuskura. Surukata ta ce borin jini ne na amarci, ciki ya riga ya wanke shi. Wata mai kawo ɗinki ta ce har a ƙwai akwai salfa, yau sati uku rabona da ƙwai, ban ma san ko gaskiya ba ne. Maigidana ya ce in daina zuwa awon gaba ɗaya. To ku kuma kun ce zazzaɓi yana jawo ɓari, ga damina, ga sauron unguwarmu. In sha, ina tsoron raina. In ƙi, ina tsoron abin da ke cikina. Maganar wa zan ɗauka?

Roƙona ga shi. A rubuta maganar salfa a bangon katina da jan biro, yadda kowa zai gani. A haɗa ni da likita ya faɗa mini abin da zai kare ni ban da gidan sauro. A rubuta mini sunayen magungunan da zan guje wa, da Hausa, maigidana ya riƙe, domin ranar naƙuda ba lalle in iya magana ba. Sannan duk macen da ta ce magani ya taɓa yi mata illa, a ja ta gefe a ji ta. Na san a cikinmu akwai masu gudun magani don son rai, amma ba dukanmu ba.

Allah ya ƙara miki lafiya, ya saka muku da alheri ke da ma'aikatanki, har da Sistar da na yaudara, ina neman afuwarta.

Ƙwayoyin nan uku suna nan cikin gwangwanin da nake zuba maɓallai. Ranar Talata zan ajiye su a teburinki, ki gan su da idonki, ki soke alamar nan. Na yarda a kira ni maƙaryaciya a gaban layi, in dai zan rayu in ga fuskar ɗana.

Wassalam.

Taki,
Hauwa'u mai ɗinki,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.