Rabin Darasin da Ka Riƙe

Zuwa ga Geng Deshun, sanyin idona, inuwata a tsakar rani, kofin ruwan zafin da nake ɗumama tafin hannu da shi ranar hunturu. Furen lokacin kaka na birnin Kaifeng da ba ya buɗewa sai sauran furanni sun gaji sun zube. Tsohon da ya fi kowa nauyin baki a lardin Henan, wanda kuma zuciyata ta duba gabas da yamma ta rasa wanda za ta maƙale wa sai shi.

Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta kasa zama wuri ɗaya. Ina fata gwiwarka ta hagu tana barin ka barci, tsuntsun nan naka kuma da kake rataye kejinsa a reshe ya gama zubar da gashi ya koma waƙa. Ka ga har shi na tambaya, alhali kishinsa nake yi, don a safiya ɗaya yakan ji maganar bakinka fiye da yadda na ji a shekara.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Waya ce ta ishe ni. Tun da na zo nan kudu, birnin Shenzhen, renon jikata, kullum gari ya waye sai ka turo mini hoton fure da "Barka da asuba" a rubuce da jan launi. Ka ɗauka ban san duk 'yan filinmu na motsa jiki kake tura wa ba, har da Tsohuwa Lu da ba ta iya buɗe wayarta? Amma dubi wauta irin tawa: sai in zauna in zuba wa hoton ido, in buɗa shi da yatsa biyu, ko zan tsinci kalma ɗaya da take tawa ni kaɗai.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗana Haoming yana so a sayar da gidana na Kaifeng. Matarsa na da ciki na biyu, ya kuma sami mai saye, ya ce in zauna nan gaba ɗaya in huta da zirga-zirgar jirgin ƙasa. Yaron kirki ne, ba wani mugun nufi gare shi ba. Muna cin abinci ya ɗora mini tsokar kifi a kan shinkafa, ya ce, "Mama, ki faɗa mini gaskiya, wa ya rage miki a can?" Deshun, sunanka ya zo har bakin haƙorana ya tsaya. Da wane ƙarfi zan faɗe shi, kai ba ka taɓa ba ni dama ba? Na ce masa zan ba shi amsa ranar bikin tsakiyar kaka, idan wata ya cika. Ga watan nan kuwa kullum sai ƙara ƙiba yake kamar da gayya.

Washegari na kai yarinya makaranta, na gangara ɗan filin da ke gindin benayenmu, inda tsofaffi ke yin taici, motsa jikin nan namu na a-hankali. Yawancinsu irina ne, kakannin da aka kwaso daga larduna don reno, kowa da kalar harshensa. Aka kunna kiɗa, muka fara. Ban ji komai ba da farko sai zafi da gumi, don garin nan ko da safe kamar an kifa maka tukunya ne. Har muka iso wurin hannun gajimare, inda hannu ɗaya ke tashi ɗaya na sauka, mutum yana tafiya a kaikaice. Hannuna na dama ya taso a hankali ya wuce fuskata, sai wata 'yar iska ta taɓa bayan wuyan hannun, daidai wurin da naka yake kwantawa in muna atisaye tare. Wurin ya yi sanyi. Babu kowa a kai.

Ka tuna yadda malaminmu na taici, Malam Fang, ya yi shekara da shekaru yana ƙwanƙwasa mini kafaɗa da mafici? "Suyun, sauke kafaɗar nan mana! Me kika ɗauko, buhun alkama?" Ta ƙi sauka a gabansa, ta ƙi sauka a gabanka. Rannan ta sauka da kanta, ba wanda ya roƙe ta. Tana sauka kuwa sai wani abu ya taso daga ƙasan cikina, ya bi ƙirji, ya fashe. Wayyo masoyina, na yi kuka! Ni Han Suyun, da ban zubar da ɗigon hawaye ba ranar jana'izar baban Haoming, har dangin miji suka yi ta ƙus-ƙus cewa zuciyar dutse gare ni. Ni da na ƙare ƙuruciyata a masaƙa cikin ƙarar injina ba wanda ya taɓa ganin idona ya yi ja. Ga ni a bainar jama'a, baki buɗe, majina na zuba, kamar yarinyar da aka manta a kasuwa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jikina bai tsaya ba. Ƙafafu suna ta takawa, ƙugu yana juyawa, hannaye suna shawagi a hankali yadda aka koya musu, ni kuma a tsakiyarsu ina rusa kuka. Ban taɓa yin taici mai laushi irin na rannan ba. Da Malam Fang ya gani da ya ajiye maficinsa. Kukan rashin mijina ne ya fara fitowa, wanda na danne don yaro yana ƙarami ba ni da lokacinsa. Sai na uwata. Sai na wasu abubuwa da ban ma san sunansu ba. Da waɗannan suka ƙare, na duba ƙasan tukunyar, kai ne a zaune.

Aka kashe kiɗa, suka yanyame ni. Ka san abin da suka yi? Barka suka yi mini! Wani tsohon malamin makaranta daga Hunan ya ce numfashi ne da ya daɗe a toshe ya sami hanya, shi tun yana da baƙin gashi yake neman wannan bai samu ba, in daure in nuna masa yadda na ajiye ƙafa. Wata ta ce in sha ruwan ɗumi, wata ta ce kada in yi wanka sai yamma. Yaya Pang ce kaɗai, wata gajeruwar mata 'yar Sichuan mai bakin tsiya, ta miƙo mini tawul ta dube ni sama da ƙasa. Ta ce, "Wane numfashi kuma? Ku tafi can. Wannan kukan namiji ne. Ƙanwata, wane ne shi? Yana da sauran haƙora?" Na ce yana da su, magana ce ba ya yi da su.

Tun daga rannan na rasa sukuni. In na zauna sai in tashi, in na tashi in rasa abin da na tashi yi. Na zuba gishiri a kunun yarinya. Na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zan je sayen kayan miya, na tsinci kaina a babbar tasha ina karanta allon jiragen da ke zuwa arewa. Me ka yi mini, Deshun? Wane irin ciwo ne wannan da ke kama mace bayan furfura ta gama cin kanta?

Ka tuna safiyar da dusar ƙanƙara ta fara zuba a bakin tafki, ba wanda ya fito sai mu biyu? Rassan itatuwa sun sunkuyo sun yi fari, ruwa ya yi tsit, tsuntsunka ma an lulluɓe kejinsa da zane. Ka miƙo hannu, na ɗora wuyan hannuna a kan naka, muka fara tura-hannu. In turo, ka kauce. Ka turo, in karkatar. Malam yakan ce a saurara da fata, ba da kunne ba, kai kuwa babu wanda ya kai ka sauraro. Kafin in yi niyyar motsi ka riga ka sani. Muka yi ta zagayawa har sawunmu ya zana da'ira a farar ƙasa. Daga nan muka je rumfar miyar yaji, aka kawo kwano biyu suna tururi, ka jawo nawa gabanka ka tsince ganyen nan mai ƙamshi da ba na so, ɗaya bayan ɗaya, ka mayar mini. Ban taɓa gaya maka ba na son sa ba. Ranar na san na shiga uku.

To mutumin da ke jin niyyata ta wuyan hannu, yaya aka yi ya kurumce ranar da ta fi muhimmanci? Muna cikin tura-hannu na gaya maka Haoming ya kira, zan tafi kudu, ban san ranar dawowa ba. Kana tsammanin labari nake ba ka? Turi ne, Deshun! Da dukan ƙarfina na tura, ina so sau ɗaya a rayuwa in ci karo da bango. Kai kuwa sai ka juya ƙugu yadda ka saba, ka bar turin ya wuce ta gefe, ka ce ai jika gaba take da komai, in sauka lafiya. Har da rako ni tasha da ƙunshin alewar gyaɗa. Na cinye ta kafin jirgi ya bar Henan, don haushi, kowane gutsure ina zaginka a zuci.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce haka aka koya mana, ba a tarar ƙarfi da ƙarfi. Gaskiya ne. Amma darasin Malam Fang baki biyu gare shi, kuma tare muka ji shi: kada ka yi turjiya, kada kuma ka saki. Wanda ya kauce, hannunsa yana nan manne da na abokinsa, duk inda ya nufa yana biye. Kai ka riƙe rabin farko kamar ranka, ka zubar da na biyun a bakin tafki. Kaucewa ba tare da riƙo ba ai ba taici ba ne, masoyina, guduwa ce a hankali.

Ba biki nake nema ba, mun wuce nan. Na san 'yarka za ta ɓata rai, na san matan unguwa za su sami abin taunawa har sabuwar shekara. Su tauna. Uwar matar Haoming tana nan da ƙarfinta, za mu iya raba renon, rabin shekara ni, rabi ita. Sauran rabin naka ne in kana so. Zan shafa maka magani a gwiwa, zan jure wa tsuntsun, zan ma riƙa canza masa ruwa. Abu ɗaya nake roƙo, ya hasken safiyata: kafin wata ya cika ka rubuto mini kalma uku da hannunka, ko ka kira ka faɗa da wannan muryar taka mai kamar tsohuwar ƙofa. Ka ce, "Kada ki sayar." Shi ke nan. In na sami wannan, zan dubi ɗana ido cikin ido in gaya masa wanda ya rage mini a can, da sunansa da sunan gidansu.

In kuwa watan ya cika ba ka ce komai ba, zan miƙa wa Haoming makulli. Ba zan yi maka baki ba, ba kuma zan iya daina son ka ba, wannan shi ne abin takaicin. Na gwada a kwanakin nan, abin ya faskara.

Ka san ko'ina kudu ake fuskanta in za a fara taici, haka malamai suka bar mana. Nan ma haka suke yi, sahu-sahu, sun dubi wajen teku. Ni dai yanzu na daina. Nakan koma can ƙarshen fili in juya musu baya in fuskanci arewa, in ɗaga hannu ni kaɗai, duk motsina ya saɓa da na kowa. Suna ta dariya, wai 'yar Henan ta rikice ta manta gabas da yamma. Ban rikice ba. Na san sarai inda nake kallo, kuma ko an sayar da gidan ko ba a sayar ba, can zan ci gaba da kallo har ranar da ƙafafun nan za su ƙi ɗaukata.

Taka, wadda ba ta saki ba, ba kuma za ta saki ba,

Han Suyun