Lodin Alhaji Manniru Bai Sauka Ba Tukuna

Cikin alhini, da zuciyar da har yanzu ta ƙi zama wuri ɗaya, Ƙungiyar Direbobin Motocin Bodin Katako ta Tashar Zuba, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Majalisar Dattawanta, da ɗaukacin 'ya'yanta na kan hanya da na gida, tana sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar Ubanta, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Sarkin Direbobin Zuba, Alhaji Manniru Ƙafur, wanda Allah Ya karɓi ransa ranar Litinin da ta gabata a bakin titi, gaba kaɗan da Abaji, yana tafe daga Ikko da lodi a bayansa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi masa sutura a nan Zuba washegari. Mun yi jinkirin fitar da wannan sanarwa, kuma ba don sakaci ba ne: Alhaji mun kai shi makwancinsa, amma motarsa da kayan mutane suna can inda ya tsaya.

Marigayin ya koyi tuƙi ne a Funtuwa, a hannun marigayi Malam Sabo, tun zamanin da ake tayar da mota da ƙarfen murɗawa, in inji ya yi gardama ya karya wa mutum hannu. Ya yi dakon auduga, ya yi dakon gyaɗa daga Kano zuwa bakin ruwa a Ikko, ya dawo da goro daga Shagamu. Yana cikin waɗanda suka sha jiran jirgin ƙasa ya wuce kafin a ba su gadar Jaba, suka kuma sha kwana a bakin Kwara suna jiran jirgin fito. Da aka ce za a gina sabon birni a nan, shi ne ya riƙa shigo da siminti da rodi ta Suleja, lokacin da wuraren da ake kira unguwanni yanzu gonakin doya ne. Duk wannan a mota ɗaya ya yi shi, koriyar Bedford ɗin nan da kowa a tasha ke kira Tsohuwa, wadda giyarta ba ta shiga sai an taka kuloci sau biyu an lallashe ta, sitiyarinta kuwa sai mai ƙwanji.

Ba za mu ce mutum ne mai sauƙi ba, domin waɗanda suka san shi za su yi mana dariya. Yana da faɗa a kan igiya, in ka ɗaure tamfol sakwa-sakwa sai ya kwance shi a gaban mutane ya sa ka sake. Ya raina sababbin tireloli, yana cewa motocin masu barci ne. Amma ba a taɓa jin direba ya lalace a daji Alhaji ya wuce shi ba, ko abokin faɗansa ne, kuma tun da ya kama sitiyari ba a taɓa juye lodinsa a wata mota ba, abin da ya ɗauka shi yake saukewa a ƙofar mai shi. Yana da irin nasa hon, gajere a bi shi da dogo, wanda yake dannawa tun daga kwanar kasuwar lemo, kuma da shi ne iyalinsa suke sanin ya dawo kafin su ga ko da inuwar motar.

Kowa ya san halin da ake ciki tun da gwamnati ta baro Ikko ta tare a Abuja. Hanya ba ta hutawa, mu ma ba ma hutawa. Manyan motoci sun tafi ɗaukar kabad-kabad na ofisoshi da kujerun manya, aka bar ƙananan ma'aikata, masinjoji da masu buga tafireta da masu shara, suna zagaya tashoshin Ikko suna neman wanda zai dube su. Su ne suka haɗa kayansu wuri ɗaya, gadaje da katifu da tukwane da keken ɗinki, Alhaji ya ce ya ɗauka zai kai musu Kubwa, duk da mun roƙe shi ya huta saboda ciwon ƙirjin da ya daɗe yana ɓoyewa. Direbanmu da ya fara isa wurin ya shaida mana cewa ya tarar da Tsohuwa an faka ta tsaf a gefen titi, an sa mata dutse a taya, an ƙara ɗaure igiyoyin tamfol, shi kuma Alhaji yana kwance kan dardumarsa a gindin wata ɗorawa. Ko da ciwon ya kama shi, sai da ya gama da kayan mutane sannan ya kwanta.

A nan ne hankalinmu ya rabu biyu. Ƙa'idar wannan ƙungiya tun kafuwarta ita ce, in direba ya rasu da lodi a hanya, ba a juye kayansa a wata mota, kuma ba mai zama kujerarsa sai wanda suka koyi tuƙi a hannun oga ɗaya, shi zai ƙarasa masa tafiyar a cikin motarsa, domin a ce mamaci ya sauke abin da ya ɗauka. To amma damina ce, ruwa ake yi ba ƙaƙƙautawa, tamfol ɗin Tsohuwa kuwa sa'anta ne. A Kubwa iyalai suna kwana kan siminti. Malama Janet, mai buga tafireta, wadda take da jariri a hannu, ta zo tasha da kanta, ta yi mana gaisuwa cikin ladabi, sannan ta tambaya a hankali ko katifarta tana jiƙewa. Matasanmu suka ce a tura tirela a kwaso kayan, dattawa suka ce sai dai bayan ransu, aka yi ta ɗaga murya a wurin zaman makoki, abin da ya ba mu kunya ƙwarai. Mai sa hannu a wannan takarda ba zai ɓoye ba, da safe yana tare da dattawa, in hadari ya haɗu da yamma sai ya koma wajen matasa.

Cikin waɗanda Malam Sabo ya koya wa tuƙi, mutum ɗaya ne ya rage a raye, Dattijo Solomon Kure, wanda ya ajiye sitiyari ya koma noman doya a Orozo, idonsa na hagu kuma ya fara rauni. Tsofaffin tasha sun san abin da ke tsakaninsa da marigayin. Dattijo Solomon ne babba a gidan koyo, ya sa ran Tsohuwa za ta zama tasa, amma da Malam Sabo zai huta sai ya miƙa mukullin ga Manniru. Tun daga ranar Dattijo Solomon bai sake taka matakalar motar ba, gaisuwarsu ma ta koma ta ɗaga hannu daga nesa. Mun aika masa, ɗan aike ya dawo ya ce ya same shi a gona, ya saurara, ya ci gaba da nomansa. Majalisa ta yanke cewa in aka sauko Juma'a bai zo ba, za a juye lodin, mu ɗauki kunyar a kanmu.

Yau Juma'a da sassafe sai ga shi a tasha da tsohuwar rigarsa ta kaki. Bai zauna ba, ruwan da aka miƙa masa ma bai sha ba. Ya karɓi mukullin daga hannun Shugaba, ya daɗe yana dubansa, sannan ya ce, “Na so kujerar nan tun ina saurayi, Allah Ya sani. Amma ba ta haka na so ta ba.” An kai shi Abaji tare da makaniki da sabon tamfol. Labarin ƙarshe da ya iso mana ta bakin wani direban tanka shi ne, Tsohuwa ta tashi bayan ta sha turi, kuma an gan ta tana hawan tudun Kwali a hankali. Daga nan ba mu sake jin komai ba, kuma ga hadari yana haɗuwa ta gabas.

Ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga uwargidan marigayin, Hajiya Rakiya, da 'ya'yansa da jikokinsa, da al'ummar Ƙafur, da 'yan kasuwar Zuba waɗanda ya yi wa dako shekara da shekaru. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da juriyar wannan babban rashi, Ya tsaya musu a bayansa. Muna kuma bai wa iyalan da ke jira a Kubwa haƙuri, duk abin da ruwa ya taɓa a kanmu yake, ba a kan mamaci ba.

A ƙarshe muna roƙon duk wanda ke kan hanyar Gwagwalada zuwa Zuba a yau, in ya ci karo da wata koriyar mota mai bodin katako tana tafiya kamar ba ta so, kada ya matsa mata, kada ya zagi direbanta, ya ba ta hanya. Kafin ya tafi, Dattijo Solomon ya ce zai wuce ta gaban gidan marigayin shiru don kada ya tayar wa masu takaba hankali. Da aka gaya wa Hajiya Rakiya, sai ta aiko cewa ba ta yarda ba, ya danna hon ɗin tun daga kwanar kasuwar lemo, gajere da dogo, yadda mai shi yake yi. Tun da aka sauko daga masallaci take zaune a bayan ƙofa tana saurare, mu ma muna bakin titi.

Sa hannu:
Malam Surajo Ɗan'auta
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Direbobin Motocin Bodin Katako, Tashar Zuba, Abuja
Yuli, 1992