Ni na datse wayar, direba aka kora

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin ka ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya daɗe yana cina.

Ni rewaya ne a Dutse, aikin wayar mota nake. A shekarun da aka fara shari'a, ina saurayi, akwai wani babban malami a Ringim da nake wa gyara, Honda ce da shi, direbansa kuma wani bawan Allah, bari in kira shi Malam Ado. Wata rana suka kawo ta kik, wato abin tayar da inji, ya lalace, na canza, suka tafi. Bayan kwana biyu mota ta fara nauyi, ba ta ja, wutar inji ta kama a dashbod, ga shan mai kamar me. Lokacin ana wahalar mai, sai almajiran gidan suka fara cewa ai Ado ne ke zuƙe man ya sayar, ya cika da kananzir. Malam mai motar ya kira ni gefe ya ce, "Kai ka san mota, tsakaninka da Allah, mugun mai zai iya jawo haka?" Na ce zai iya, Malam. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma da shi aka sallami Ado, yana rantsuwa yana kuka.

An zubar da man, an wanke tanki, an canza fulogi, ba ta sake zani ba. Lokacin ba mu da na'urar duba mota, mita kawai. Na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya har na zo kan nok sensa, wani ɗan abu ne a jikin inji da ke jin ƙwanƙwasa ya sanar da ƙwaƙwalwar mota, idan ta daina jin sa sai ta rage wa inji ƙarfi. Na ɗora mita daga soket zuwa ƙwaƙwalwa, shiru. Da na leƙa sai ga wayar a matse ƙarƙashin ƙarfen kik, ta datse, kuma ni na ɗaure wannan notin da hannuna. Na haɗa ta, na naɗe, wutar dashbod ta mutu, mota ta dawo garau. Malam ya tambaye ni mene ne, na ce dattin man ne ya taɓa wani abu. Tsoro na ji wallahi, sabon gareji gare ni.

Daga nan Malam ya riƙe ni kamar ɗa, ya kawo min manyan mutane, ƙarshe ya ba ni 'yarsa, ita ce uwar 'ya'yana. Ado kuwa ba wanda ya sake ba shi mota a garin, ya koma noma wajen Kiyawa. Duk inda muka haɗu shi ke fara gaishe ni.

Yanzu ga inda na maƙale. Babbar 'yata ta haɗu da wani yaro a jami'a a Kafin Hausa, mai hankali, suna son juna, da aka bincika ashe ɗan Ado ne. Baba Malam ya tsufa sosai amma bai manta ba, ya ce jikarsa ba za ta shiga gidan maha'inci ba. Matata ta goyi bayansa, har muka yi sa-in-sa ta ce me ya sa nake kare ɓarawo. Yarinyar ta daina cin abinci. Makon jiya Ado ya zo gareji da sandarsa, ya ce, "Ba roƙon aure na zo ba. Kai ka buɗe motar nan, ka gaya min, da gaske ka ga kananzir?" Na ce masa an daɗe, na manta.

Ban manta ba. In na faɗa, ban san da wane ido Baba Malam da matata za su kalle ni ba, duk abin da nake da shi a kan wannan shirun aka gina shi. In na yi shiru, na zalunci mutumin nan sau biyu, har da 'yata. 'Yan uwa, wa zan fara tunkara, Baba Malam ko Ado? Kuma da wane baki?