Mama, Gobe Ke Za Ki Yi Waƙar

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kina hutawa a inda babu ciwo. Damina huɗu ke nan da muka kwantar da ke a bayan majami'ar ƙauyenmu kusa da Nok. Yau dai ƙara na kawo miki, kuma ke ce wadda nake ƙara.

Kin tafi kin bar ni ina kukan ciwon ƙashi, kina cewa tsayuwar gaban allo ce ta yi mini yawa. Ashe ba ita ba ce. Likitoci sun ce akwai wasu 'yan ƙwayoyi huɗu a bayan maƙogwaron mutum, kowacce ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ɗaya daga cikin nawa ta yi taurin kai, tana kwashe ƙarfin ƙashina tana zubawa cikin jini. Ga ƙishirwa, ga tsakuwa a ƙoda. A watan jiya bokitin ruwa kawai na ɗaga, wuyan hannuna ya tsage.

Bara aka yanka wuyan. Suka buɗe, suka lalaba, suka ga uku lafiyarsu ƙalau, ta huɗun ta ɓuya. Suka ɗinke ni da abata a ciki. Na farka murya ta dishe, wata uku ina magana kamar agwagwa. Ni Rifkatu, da nake ba da waƙa a zumuntar mata tun ina amarya, sai ga ni a bencin baya ina kaɗa tulu. Wallahi na yi kuka, Mama. Muryar ta dawo, amma ba duka ba.

Sabon likitan dattijo ne, ba ya ɓoye magana. Ya ce jijiyar murya a nan take bi, kuma tabon yankan farko ya manne komai wuri ɗaya. Idan hoto ya nuna masa inda ƙwayar take, zai je kai tsaye ya ciro ta. Idan bai nuna ba, sai dai ya sake lalube cikin tabo, kuma a nan ba zai yi mini alkawarin murya ba. Barin ta kuma ba zai yiwu ba, ƙashin ne zai ƙare.

Makonni biyu da suka wuce ni da mijina Ishaya muka hau jirgin ƙasa daga Kafanchan zuwa babban asibiti don wannan hoton. Aka kwantar da ni rigingine, aka tura filo a ƙarƙashin kafaɗata har wuyan ya miƙe, aka shafa wani mai mai sanyi. Likita ya ɗora wani abu kamar ƙaramin dutsen guga a kan tabon, yana jan sa a hankali, idonsa a kan 'yar talabijin. Abu ɗaya ya roƙe ni: kada in motsa maƙogwaro.

To, ga laifinki.

Kin tuna ranar da rafi ya cika muna dawowa daga gonar citta? Kika goya ni, ruwa har ƙirjinki, bakinki a rufe amma waƙar sujada tana ta kaɗawa a bayanki, ina jin ta a cikina. Haka kika yi ranar da Baba ya faɗo daga bishiyar ɗorawa. Kullum maganarki ɗaya ce: "Tsoro ba ya zama a maƙogwaron da ke waƙa."

Ina jin sanyin abin nan a wuyana, sai waƙa ta tashi da kanta. Ban ma sani ba. Likita ya ce in daina, hoton yana rawa. Na daina. Da ya danna kan tabon, ta sake tashi. Sau uku, Mama! A na ukun ya ce kamar ya hango wani abu can ƙasa kusa da ƙashin wuya, in daure masa minti ɗaya tak. Kafin in haɗa kaina aka ɗauke wuta.

Ishaya ya ɗauki jakata, ya yi gaba muka nufi tasha. Da ma faɗa ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Gobe za mu koma. Jibi kuma yanka ne, da hoto ko babu, don likita ya ce jinina ba zai ƙara jira ba. Na gwada a gida: in kwanta, Ishaya ya ɗora cokali mai sanyi a wuyana yana duba agogo. Ban taɓa cika minti ɗaya ba sai waƙar ta tashi. Ina jin tsoro sosai, kuma maganin tsoro guda ɗaya kika koya mini, shi ne aka hana ni.

Saboda haka ga roƙona. Ke yanzu babu mai hana ki. Gobe da ƙarfe goma, idan suka miƙe mini wuya, ki zo ki tsaya a kaina ki yi waƙar nan ta rafi, bakinki a rufe yadda kika saba. Ni zan yi shiru in saurara.

Ubangiji da ya gina wannan wuya ya san inda ya ajiye kowace ƙwaya. Ya buɗe idon likita, ya riƙe hannunsa, ya bar mini ko da abin da zan kira sunansa da shi. Amin.

Kada ki makara, Mama.

Taki,
Rifkatu